Makunnin da ke Ƙarƙashin Sitiyari

4 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na wajen ginin madatsar ruwan nan da ta ƙi ƙarewa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, hawan jinin ma ya lafa, sai dai har yanzu in an ɗauke ido sai ta ƙara gishiri. Ta ce a gaishe da ƙaninta da ya manta hanyar gida. Yara suna gaishe ka, Abbansu ma haka.

Na kira lambarka ya fi sau goma ba ta shiga. Direban motar kayanku ya ce sai mutum ya hau tudu yake samun layi a wajenku, ni kuwa na san gwiwarka da tudu ba sa shiri. Shi ya sa na koma takarda, shi zai riƙa kawo maka.

Kawu, an canja mini wurin aiki. An mayar da ni ƙaramin asibitin bayan gari, ni ce mai rigakafin yara. Kullum sai na biya babban asibiti na ɗauki akwatin sanyi na allurai kafin in wuce. A motar haya hawa uku ne. Ran nan sai goma saura na isa, mata cike da benci da jarirai suna ta kallona. Na gaji da ba da haƙuri. Na yanke shawarar sayen 'yar ƙaramar mota, tsohuwa, mai shan fetur, daidai ƙarfina.

Na ga wata ja a wajen dillali. Shekararta goma sha huɗu, fenti sai ƙyalli yake, kujeru kamar ba a taɓa zama a kai ba. Abban yara ya yaba, amma ka san shi, malamin makaranta ne, abin da ya sani a mota shi ne launi. Abin da ya tsaya mini a rai, da aka buɗe bonet na ga wayoyi an naɗe su da baƙin salatif. Dillalin ya ce ba komai ba ne.

Kai ka riƙe ƙaramar mota shekara da shekaru. Ka faɗa mini gaskiya, me irin wannan take ci ban da mai? Me ke fara lalacewa? Ba na son in sayi abin da zai riƙa kwana a gareji. Abin da nake nema kawai, in na murɗa makulli da safe ta tashi, ta kai ni, ta dawo da ni.

'Yarka,
Auta

19 ga Nuwamba

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Talata a saman buhunan siminti, sai da na kakkaɓe ta. Na ji daɗin lafiyarku. Ki ce wa Yaya ban manta hanya ba, hanyar ce ta yi nisa. Gishiri kuwa ku ɗora shi saman kabad, tsawonta ba ya kaiwa. Ni ƙalau nake, sai gwiwa, sai zaman sito daga safe har yamma.

Jar motar nan, ki fita sabgarta. Duk tsohuwar motar da kika ga tana ƙyalli fiye da shekarunta, akwai abin da aka rufe. Waya da salatif kuwa, wani ne ya yi dabara maimakon gyara. Kuma mai dabara a mota ba ya faɗa wa mai saye, sai ranar da ta tsaya da ke a tsakiyar titi za ki sani. Irin waɗannan mutane ba na ko gaisawa da su.

Ga abin da za ki sa a ranki. Fetur shi ne mai sauƙi a cikin abin da tsohuwar mota ke ci, don shi kina ganinsa kullum. Baƙin mai duk wata uku, kada ki ja shi ko da kwana goma. Fulogi sau ɗaya a shekara. Taya in ta hannu ce ta kai ki shekara, in sabuwa ce shekara uku. Batir shekara biyu in kin yi sa'a. Takardu da inshora duk shekara, waɗannan ba sa jin roƙo. Sannan duk wata ki ware wani abu ko ba abin da ya lalace, saboda ranar da birki ko kuloci za su yi sallama. In kika haɗa duka, ki ɗauka kin ƙara ɗa guda a gidan, mai ci da yawa, wanda ba ya zuwa aike.

To amma me ya kai ki wajen dillali, alhali motata Gajera tana nan rufe da tamfol a garejin Dogo shekara biyu? Kin san ta, a bayanta kika yi amai ranar da na kai ku gidan zoo. Ta girmi jar nan da shekara ɗaya, amma shekara goma sha ɗaya tana hannuna ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Injinta ba a taɓa buɗe shi ba. Wayarta yadda kamfani ya saka haka take, ba hannun da ya taɓa ta. Ki ba ni rabin abin da dillali ya nema, don na san in na ce kyauta mijinki ba zai karɓa ba.

Dogo abokina ne tun kafin a haife ki. Shi ne bakaniken da ya riƙe ta tun ranar da na sayo ta, kuma duk sati yana tayar da ita don kada ta yi tsami. Ki nuna masa takardar nan ko ki faɗa masa da baki, zai ba ki makulli. Kada ki kai ta wajen kowa sai shi.

Yanzu ga halinta, ki karanta da kyau. Da safe ki bar ta ta yi minti uku tana aiki kafin ki taka. Giya ta biyu tana son lallashi, kada ki fizge ta. Ma'aunin mai in ya nuna kwata, ƙarya yake, ya kusa ƙarewa. Ƙofar baya ta hagu daga ciki ake buɗe ta. Ruwan lagireto ki duba duk Asabar, injin a sanyi. In ruwan sama ya yi yawa, hon ɗinta yana shaƙewa, washegari ya warke da kansa.

Allah ya sa ki more ta yadda na more ta.

Kawunki

20 ga Janairu

Kawu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, laifin Gajera ne, tun da ta zo hannuna ban zauna ba. Umma lafiya. Ranar Asabar ni na kai ta ganin likita, ta hakimce a baya tana ta ba ni umarni kamar ita ta koya mini tuƙi. Kuɗin na tura asusunka, ka duba in ka hau tudu.

Takwas saura kwata nake isa asibiti yanzu, har mai shara ta tambaye ni ko agogona ne ya lalace. Hanyar a buɗe take, da zarar na fita gari ba tsayawa. Ba ta taɓa ƙin tashi ba ko sau ɗaya.

Maganar ci kuwa, ba ka ƙara gishiri ba. Mai kaɗan take sha, in na zuba Litinin yana kai ni Juma'a. Amma na sayi taya biyu, na sayi batir, na sabunta takardu, sai ga albashin Disamba ya wuce ban ga fuskarsa ba. Abban yara ya ce ɗan nan da Kawu ya ba mu riƙo ya fi sauran ci.

Baba Dogo mutumin kirki ne. Ashe ma shi ke gyara bas biyu na makarantar su Abban yara, shekara tara ke nan. Ranar da na je ɗauka ya wanke ta da kansa, ya canja baƙin mai, ya ƙi karɓar kuɗin aiki. Da zan tafi ya riƙe ƙofar, ya ce, "Kawunki ya faɗa miki halinta duka?" Na ce, "Baba, shafi uku ya rubuto mini." Ya ce, "Duka duka?" Na ce har da ƙofar baya da hon. Ya yi dariya, ya ce to madalla, ya saki ƙofar.

Na gode, Kawu. Da jar nan na saya, da yanzu Allah kaɗai ya san inda nake.

Auta

5 ga Fabrairu

Auta,

Takarda ta zo, kuɗi ma sun shigo, na gode. Ina lafiya. A gaida Yaya da yara.

A tsaye nake rubutun nan, direba ya riga ya tayar da mota. Na ji daɗi da kika ce hanyarki a buɗe take. Ki riƙa bin ta haka. In wata rana kika tarar da cunkoso, kada ki daɗe a ciki injin yana aiki, ki fita gefe ki kashe ta har hanya ta buɗe. Zafi ya kusa shigowa.

Akwai wata 'yar magana game da ita da nake son mu yi, amma ba ta gaggawa ba ce. Sai takarda ta gaba, ko in na hau tudu.

Kawunki

17 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, ba wanda ya ji ciwo, na fara da wannan don kada hankalinka ya tashi. Amma Kawu, na kashe maka Gajera. Injin ya ƙone.

Ranar Laraba ne. An fara gyaran gadar da ke kan hanyata, aka mayar da motoci layi ɗaya. Tun daga gidan mai na tarar da cunkoso, rana kuma ta buɗe sosai. Na tuna maganarka ta in fita gefe in kashe ta, amma na ɗauka don tattalin mai ka faɗa. Ni kuwa akwatin allurai yana kujerar baya, ƙanƙararsa ba ta jira. Na ce mai dai ya ƙone. Muka yi ta jan ciki wajen minti arba'in. Na ga allurar zafi ta wuce rabi. Da idona na gan ta, Kawu, ba zan ce ban gani ba. Na ce saura kaɗan in haye gadar. Sai ta hau ja, sai wari, sai farin hayaƙi ta bonet, motar ta yi wata irin ƙara ta mutu.

Ban tsaya nan ba. Wani direba ya tsaya taimako, ya buɗe lagireto da tsumma, ni da hannuna na juye mata ruwan sanyi gora biyu. Daga baya aka ce mini wannan ne ya ƙarasa ta. Alluran dai na kai su a kan babur, ba su lalace ba.

Aka ja ta zuwa garejin Baba Dogo. Ya ce gaskit ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, sauran sai an buɗe. A nan abin da ya fi damuna ya faru. Kwana huɗu kafin ranar, Baba Dogo ya canja mata robar lagireto da ta fara tsattsafo. Da Abban yara ya iso, direban nan da ya taimaka ya ce masa shi fa ya murɗa makulli injin yana tafasa, amma fanka ko motsi ba ta yi ba. Shi ke nan. Abban yara ya ce Baba Dogo ne ya cire wayar fanka wajen aiki ya manta bai mayar ba. Ya ɗaga murya, gareji cike da mutane. Ya ce tsufa ya kama shi, gara ya ajiye sifana. Ya ce ya kusa kashe masa mata. Na ja rigarsa, bai saurare ni ba.

Baba Dogo ya nufi motar. Ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa, ya cusa hannu can ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe. Da ya miƙe, ni ya kalla. Ya ce, "Shafi ukun nan, babu maganar fanka a ciki?" Na ce babu. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "To, laifina ne. Zan gyara."

Ban gane tambayar ba, kuma ban yarda laifinsa ne shi kaɗai ba. Ni na ga allura na ci gaba da tafiya. Shekara goma sha ɗaya a hannunka ba a buɗe injinta ba, ni ko wata huɗu ban cika ba. Ka yafe mini.

Auta

2 ga Mayu

Kawu,

Gaisuwa, da fatan lafiya. Motar kayanku ta zo sau uku babu takardarka. Na tambayi direba ko ba ka jin daɗi ne, ya ce ƙalau kake, hannu da hannu ya ba ka takardata, ka karanta a gabansa ka sa a aljihu. To na gane. Fushi kake yi, kuma kana da gaskiya. Amma ko faɗa ne ka rubuto, ya fi mini wannan shirun. Umma tana tambaya, ina ce mata aiki ne ya yi maka yawa.

Na koma hawa uku. Wannan ba komai ba ne, na saba.

Baba Dogo ne abin tausayi. Abban yara ya kai magana wajen shugaban makarantarsu, an janye bas biyun an ba wani gareji. Malamai uku ma sun kwashe motocinsu. Ranar Asabar na biya. Garejin da a da ba wurin taka ƙafa, mota biyu na tarar, ɗaya Gajera ce. Ya sauke injin yana gyarawa daga aljihunsa, in ya samu ya sayi abu ɗaya, in bai samu ba ya jira. Na kai masa ɗan abin da na tara, ya mayar mini cikin jaka. Ya rame, Kawu. Na ce masa ni ce fa na ga allura. Ya ce, "'Yata, bar maganar nan, an riga an gama ta."

A gida ma ba ma ɗauko zancen, don duk sanda na ɗauko sai mun yi faɗa da Abban yara. Ina jin ni na jawo wa tsohon nan wannan, da taurin kaina na minti goma.

Abokinka ne. In ba za ka rubuto mini ba, shi dai ka aiko masa da gaisuwa. Kada ka haɗa shi da ni a fushin.

Auta

15 ga Mayu

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Yaya. Lafiyata ƙalau, kuma ba fushi nake yi ba. Kunya ce ta hana ni rubutu. Wannan ce takarda ta biyar da na fara, huɗu na yaga. Ki zauna ki karanta har ƙarshe.

Ba ke kika ƙone injin ba, ba kuma Dogo ba. Ni ne.

In kika zauna a kujerar direba kika cusa hannu ƙarƙashin sitiyari, can ciki inda ido ba ya kaiwa, za ki taɓa wani ɗan makunni. Shi ne na fanka. Shekara bakwai da suka wuce, 'yar na'urar da ke kunna fanka da kanta in injin ya yi zafi ta mutu. Ranar ina sauri, ba a sami sabuwa a kusa ba, na ce wa Dogo ya yi mini dabara. Ya ja waya ya sa makunnin, ya ce na sati ɗaya ne, in je in sayo na'urar. Ban sayo ba. Ba tsada gare ta ba, ko man kwana uku ba ta kai ba. Hannuna ne ya saba. Da na ga cunkoso yatsana yake tafiya da kansa ya kunna, in hanya ta buɗe ya kashe. Dogo ya yi ta mita har ya gaji ya bari.

Ranar da na rubuta miki shafi ukun nan, ba mantawa na yi ba. Na so in ce haka, a biyu daga cikin takardun da na yaga ma haka na rubuta. Gaskiyar ita ce na riga na zagi jar motar dillali saboda salatif, na cika baki, sai alƙalami ya iso kan wayar Gajera. Na tsaya. Na ga in na faɗa, na zama irin mutumin da na gama ce miki ba na gaisawa da shi. Sai na rubuta cewa ba hannun da ya taɓa wayarta. Na ce a raina ai Dogo zai nuna miki. Shi kuma ya tambaye ki, kika ce shafi uku, ya ɗauka na yi abin da ya kamata.

Da na karanta wannan a takardarki ta Janairu, nan na tabbata ba ki sani ba. Ina da lokaci a hannuna, fiye da wata guda. Sai na aiko miki da rabin magana, wai ki fita gefe ki kashe ta. Sau biyu na hau tudu da waya a hannu, gwiwa na zugi, na tsaya a sama ina kallon lambarki, na sauko. Na ce hanyarta a buɗe take, in na zo hutu sai in sa na'urar a ɓoye ba wanda ya ji. Layi ɗaya ne da ya ishe ki, Auta. Kina ɗaukar alluran yaran mutane, kina ɗaukar Yaya, kina ɗaukar 'ya'yanki, ni kuma ina can ina tattalin girmana.

Dogo da ya cusa hannu ya ji makunnin a kashe, ya gane komai. Ya ga halin da mijinki yake ciki. Ya san in ya buɗe baki, magana za ta zama kawu ya cuci 'yar yayarsa, ta kai kunnen Yaya da hawan jininta. Sai ya ɗauki laifin. Ni kuma na karanta takardarki, na ga ya ɗauka, na bar masa. Sati bakwai ina kallo. Wannan ya fi ƙaryar farko muni, kuma ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Ga abin da nake roƙo. Ki ba Abban yara ya karanta. Kuɗin da kika biya na mayar asusunki jiya, kada ki yi mini gardama, a sayi kayan injin da su. Sannan ki kai takardar nan gareji ki karanta wa Dogo da ƙarfi, a gaban duk wanda ke wurin, tunda a gaban mutane aka ci mutuncinsa. Yaya kuma ki faɗa mata a hankali, bayan ta sha maganinta.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba.

Kawunki

1 ga Yuni

Kawu,

Na gaishe ka. Muna lafiya. Takardarka ta zo ranar Alhamis ta wancan satin.

Na karanta ta a tsaye a ƙofar gida, na sake karantawa a zaune. Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi, har yanzu ma da saura. Wata biyu da rabi ina kwana ina tashi da allurar nan a idona. Da na san ba ni kaɗai ba ce na ji sanyi a raina, sai kuma na ji kunyar jin sanyin, don shi Baba Dogo ba abin da ya ragu a nasa.

Abban yara ya karanta. Washegari da kansa ya je wajen shugaban makaranta, amma an riga an sa hannu da ɗaya garejin na shekara guda. Bas ba za su dawo ba bana. Malami ɗaya ya ce zai mayar da motarsa, sauran biyun sun ce sun saba da sabon wuri.

Umma ta ji. Abin da ta ce kawai, "Tun yana ƙarami haka yake, in ya fasa abu sai ya tura ƙarƙashin gado." Jininta bai hau ba.

Ranar Asabar da hantsi muka je gareji. Ka ce in karanta a gaban duk wanda ke wurin. Babu kowa, Kawu. Baba Dogo ne kawai, sai mai facin taya na maƙwabta da ya leƙo. Abban yara ya fara. Ya durƙusa a cikin baƙin mai da farin wandonsa ya ba shi haƙuri. Baba Dogo ya ɗaga shi, ya ce shi ma yana da nasa laifin. Ya ce ranar da na zo ɗaukar mota, kamata ya yi ya kama hannuna ya ɗora a kan makunnin, amma ya ji nauyi kada ya zama kamar yana tona abokinsa, sai ya karɓi amsar da ta yi masa daɗi.

Sai na buɗe takardarka. Ban kai layi uku ba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ninke ta." Na ce kai ka ce in karanta. Ya ce, "Na san abin da ke ciki, tare muka yi shi. Shekara talatin da biyar muna zama a kan bencin can ni da shi. Shi ne zai aiko yarinya ta karanta mini takarda?" Ya koma kan injin, ya ɗaure noti biyu, sannan ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ki ce masa ban yi fushi ba. Amma ba zan yafe wa takarda ba. Ya zo."

Kuɗin kaya ya yarda ya karɓa, na aiki ya ƙi. Ya ce Gajera za ta tashi cikin kwana goma.

Na san hutunka sai ƙarshen shekara. Ka nemi kwana uku, ka ce musu uzurin gida ne, ba ƙarya ka yi ba. Ka faɗa wa direba ranar da za ka iso. Ni zan ɗauko ka a tasha, kuma ba gida za mu fara zuwa ba.

Auta